Sarauniya biyu a gurup ɗinmu na Tawa

Yara biyu suka sake rubuta littafin Sarauniya na Abdoulaye Mamani, wanda ya fito a 1980, kowa da salonsa, kuma wallahi na farkon ya dame ni. Ya sa wa Sarauniyar kakin soja, ya ba ta tutar Nijar a hannu tana jawabin kishin ƙasa, alhali yaƙin Lugu, inda ta kara da sojan Faransa, a 1899 aka yi shi, tutar nan sai 1959 ta zo, to ina aka haɗu? Duk wanda ya ji tsoro a labarinsa maci amana ne, mai bindiga kuma ba ya laifi, kai ka ce faretin soja kake kallo a tele.

Na biyun yarinya ce, rubutunta da kurakurai amma ta tsaya kan wata tsohuwa da ke kallon rumbun hatsinta yana ci da wuta, ta kuma tuna cewa yawancin sojan Voulet da Chanoine, hafsoshin Faransa da suka kawo yaƙin, baƙar fata ne irinmu, su aka sa suka ƙone Birnin Ƙonni. Nan ne zafin yake, na farkon ko ambatonsa bai yi ba.

Nasa ya fi samun laik nesa ba kusa ba, ni dai nata na tura wa ƙannena.