Wata huɗu ina aiki da kwamfuta babu monita, da tabilet nake shiga

Monitan kwamfutata ta tebur ya fara ne da layi-layi a gefe, bayan sati biyu ya ɗauke gaba ɗaya, ni kuma lokacin ban shirya sayen wani ba. Ita kwamfutar lafiyarta ƙalau, duk ayyukana suna ciki. To ina da wani tabilet na Android mai inci 11 da ba abun da nake yi da shi sai kallon bidiyo, sai na ce bari in mai da shi fuskar kwamfutar in ga ko zai yiwu. Ya yiwu kam, amma akwai inda na sha wuya.

Na so in fara da Remote Desktop na Microsoft ne, wato manhajar da ke nuna maka fuskar kwamfuta a wata na'ura ka sarrafa ta daga can, tunda shi yana cikin Windows dama, sai na tarar Windows ɗina Home ne, shi kuma Home ba ya karɓar baƙo, sai Pro zuwa sama. Sai na koma Chrome Remote Desktop na Google. Kyauta ne, ka sa shi a kwamfuta, ka ba ta suna, ka zaɓi lambar sirri mai aƙalla lamba 6, ka sauke manhajar a tabilet ka shiga da akawun ɗin Google guda ɗaya, shi ke nan. Duk wannan da talabijin na yi shi, na jona mata kebul ɗin HDMI, don ba yadda za a yi ka saita abun da ba ka gani.

Na gwada, komai ya fito tsaf a tabilet, ina ta murna. Ina zare kebul daga talabijin na sake kunna kwamfutar sai hoton ya koma wani ɗan murabba'i, 1024x768, gumaka manya-manya kamar kwamfutar zamanin da, wata manhajar ma ka buɗe ta sai baƙin fili kawai. Na yi ta zargin tabilet ashe shi ba ruwansa, ita ma manhajar ba ruwanta. Katin hoto na kwamfuta duk sanda aka kunna sai ya tambayi monita girmansa, monita ya ba shi amsa da wani bayani da ake kira EDID, to in ba kowa a bakin kebul sai ya ga ai ba mai kallo, ya ƙi wahalar da kansa.

Maganin wani ɗan mitsitsin abu ne da bai kai babban yatsa ba, sunansa HDMI dummy plug, wato monitan ƙarya. Ba sikirin, ba waya, ka cusa shi a ramin HDMI kawai ya yi wa kwamfuta ƙarya cewa akwai monita a jone. Wallahi ina cusa shi komai ya dawo daidai. A duk abun da na gwada a wata huɗun nan shi ne ya fi burge ni, don tunda na sa shi hoton bai sake lalacewa ba. Na sa girman hoton a 1920x1200 maimakon 1920x1080 saboda fuskar tabilet ɗina 16:10 ce, baƙin layin sama da ƙasa ya tafi, rubutu kuma na ƙara masa girma zuwa kashi 150, in ba haka ba idonka zai gaya maka.

Aiki da yatsa zalla kam sai a hankali. Akwai salo biyu, ko ka taɓa abu kai tsaye, ko ka riƙa jan ɗan kibiyar kamar a laptof, yatsa biyu kuma shi ne danna dama. Na biyun ya fi min, amma ranar da na yi ƙoƙarin jan gefen wani layi a Excel da yatsa sai da na kusa jifa da tabilet ɗin. Kibod da maus na Bluetooth su suka raba gardama. Da su rubutu, lissafi, duba fayil, tura saƙo duk suna tafiya sumul har kana mantawa ba a tabilet ɗin aikin yake gudana ba.

Jinkiri akwai shi ɗan kaɗan. Ya ragu sosai da na jona kwamfutar da rauta ta kebul, tabilet kuma na ɗora shi a WiFi na 5GHz maimakon 2.4. Wasa ko gyaran bidiyo dai ba wajensa ba ne nan, masu wannan harkar wasu manhajoji ne, Moonlight da Sunshine, suke haɗawa. Sannan a sani Chrome Remote Desktop yana buƙatar intanet kafin ya haɗa ku ko da kuna ɗaki ɗaya da kwamfutar. A kashe mata barci kuma, in ta yi barci ba ta jin kira.

Yanzu ga ranar da na gane iyakar abun. An ɗauke wuta da dare, da safe na danna maɓalli, fanka na juyawa, fitila na ci, amma a tabilet sunan kwamfutar ya yi fari-fari, wai ba ta kan layi. Na kashe na kunna ya fi sau biyar, na sake kunna rauta, na zare ɗan abun HDMI na mayar, shiru. Ga aiki ana jira. Ƙarshe dai na kinkimo ta niƙi-niƙi zuwa gaban talabijin, ina jonawa sai ga baƙin allo da farin rubutu, wai agogo ya ɓace a danna F1. Ɗan batirin madabod, wato babban allon da ke cikin kwamfutar, shi ne ya mutu, mai kama da kwabo ɗin nan, CR2032, ita kuma tana tsaye a BIOS, wato matakin farko da kwamfuta ke bi kafin Windows ya tashi, tun safe tana jiran wani ya danna maɓalli ɗaya tak. Tabilet ba ya ganin komai sai Windows ya gama tashi, duk abun da ya faru kafin nan kai makaho ne.

Na canza batirin, na shiga BIOS na sa ta riƙa kunna kanta in wuta ta dawo, na bar wani tsohon kibod a jone da ita dindindin. Monita har yanzu ban saya ba kuma ba na jin gaggawa, amma kwamfutar na matso da ita kusa da talabijin, kebul ɗin HDMI na nan a naɗe a bayanta.