Fankar Hitar Peugeot 504: A Gyara Tsohuwa, a Sayi ta Hannu, ko a Nemi Sabuwa?

Peugeot 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, kuma kamfanin PAN, wato Peugeot Automobile Nigeria, wanda ya buɗe masana'antarsa a Kaduna a 1975, ya shafe shekaru masu yawa yana haɗa ta. Waɗanda suka rage a kan titi yanzu sun kai shekarun da kayan wutarsu ke gajiya ɗaya bayan ɗaya, kuma fankar hita tana cikin waɗanda ba a tunawa da su sai an kama hanyar Jos da asuba a tsakiyar hunturu, ko ruwan Agusta ya sa gilashin gaba ya yi raɓa ta ciki. Kafin a nufi kasuwar kayan gyara ta Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano da kuɗi a aljihu, wajibi ne a tabbatar cewa injin fankar ne ya mutu, domin kayan da ke kai masa wuta sun fi shi arha nesa ba kusa ba.

Yadda fankar ta lalace yakan nuna inda matsalar take. Idan tana juyawa a gudu mafi ƙarfi kawai, injin lafiyarsa ƙalau, resistar da ke rage masa wuta ce ta ƙone. Idan ba ta motsi ko kaɗan, sai a duba fis, makunni, da wayar da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota, wadda tsatsa kan cinye wurin da aka ɗaure ta. Idan kuwa sai an bubbuga ƙarƙashin dashbod take tashi, burushin ciki ne suka cinye. Gwajin da ke raba gardama shi ne mai riwaya ya jawo waya mai fis daga batir kai tsaye zuwa injin, bayan ya auna batirin ya ga yana nuna kimanin volt 12.6. Injin da ya juya da ƙarfi a wannan gwaji ba ya bukatar canji.

Idan ta tabbata injin ne, zaɓin farko shi ne gyara, kuma shi na fi ba da shawara a kansa muddin kwayil ɗin bai ƙone ba. Ana gane ƙonanne da warin ƙauri da kuma baƙin da wayar tagullar ta yi. In babu wannan, aikin bai wuce sauya burushi biyu, goge tagullar da suke gogawa a kai da takarda mai laushi, da ɗiga mai a bushi (zoben da sandar injin ke juyawa a cikinsa) ba. Ribar gyara ita ce injin zai koma mazauninsa ba tare da an yanka ko an huda komai ba. Sai dai a girgiza sandar tsakiya da yatsa: idan tana rawa gefe da gefe, bushin ya faɗaɗa, kuma mai ba zai hana ƙarar dawowa ba.

Injin na hannu, wanda aka ciro daga wata motar, ya fi saurin samuwa kuma yakan zauna daidai, amma kada a manta sa'an naka ne a shekaru. Bai kamata a biya ba sai an jona shi a batir a gaban mai shago, an bar shi ya yi mintuna yana juyawa, sannan a taɓa jikinsa a ji ko ya ɗauki zafi fiye da kima. A duba farfelar roba da kyau, domin tsagewa ƙarama kan sa ta karkarwa har ta ci bushi.

Sabon injin da aka ƙera don wannan motar shi ne mafi kwanciyar hankali, kuma shi ne mafi tsada da wuyar samu. Suna irin su Valeo ko Bosch a jikin kwali ba hujja ba ce ita kaɗai, tun da jabu ya yi yawa a kasuwa, saboda haka a gwada lambar da ke jikin tsohon da ta sabon. Akwai kuma injin gama-gari da ake cusawa a kowace mota, wanda a nan ne masu saye suka fi yin asara. Dole kaurin sandarsa da tsawonta su dace da farfelar, ramukan kusoshi su hau, sannan ya riƙa juyawa ta ɓangaren da tsohon ke juyawa, domin farfela mai kama da ganga idan ta juya a baibai takan yi ƙara ta ba da iska kaɗan. Hanya mafi sauƙi ita ce a tafi kasuwa da tsohon a hannu.

Wanda resistarsa ta ƙone kuma bai samu irinta ba yana iya sa ƙaramar na'urar lantarki mai sarrafa gudun injin, wadda ba ta zafi kamar resista, da sharaɗin ƙarfinta ya zarce wutar da injin ke ja. Amma a binciki dalilin ƙonewar tukuna, don sau da yawa injin da ya yi tauri ne ke jan wuta fiye da ƙa'ida, kuma zai ƙona sabuwar ma. Haka nan fis da ke yawan ƙonewa: a mayar da mai lamba ɗaya da na asali, ban da ɗaura waya ko takardar sigari mai ƙyalli, wadda ke iya narkar da wayoyin bayan dashbod. Idan kuma fanka ta tashi amma iskar sanyi take hurowa, matsalar ta bar ɓangaren wuta, sai bakanike ya duba tiyo biyun da ke kai ruwan zafi daga injin mota zuwa hita, domin ba abin mamaki ba ne a tarar wani mai motar na baya ya toshe su lokacin da suka fara yoyo.