Katifar iska ko ta soso ga wanda ba ya iya juyawa?

'Yar'uwa, kin ce Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki, tana kwance ba ta iya juya kanta, kina tambaya wacce katifa ta fi hana gyambon kwanciya, ta iska mai inji ko ta soso. Allah Ya ba ta lafiya.

Nauyin jiki ne ke kawo gyambon: ƙashi ya danne fata a kan shimfiɗa, jini ya kasa isa wurin, nama ya fara mutuwa. Katifar soso baza nauyin take yi. Ta iska kuwa sauya masa wuri take yi, don layukan jakunkunan iskar da ke cikinta kashi biyu ne, inji ya hura wannan ya sace wancan, bayan kamar minti 10 su yi musanya.

Ga wadda ba ta motsi ko kaɗan, mun fi son ta iska, amma tana da lalura. Idan wuta ta ɗauke tana sacewa, Mama ta koma kan abin da ke ƙasa, don haka a shimfiɗa ta iskar a kan wata katifa, ba kan katako ba. A saita ƙarfin iskar daidai da nauyinta. Ki zura tafin hannu ƙarƙashin katifar daidai mazaunai. In kin ji ƙashi yana dannar hannunki, iska ta yi kaɗan ko akwai huji. Zanen gado ɗaya ya isa. Masu jibga bargo da leda a kai sun kashe amfaninta, ga ledar tana tara gumi ta jiƙa fata.

Ta soso ba ruwanta da wuta, ba ƙara, ba huji. Ta dace da mai iya ɗan muskutawa, in dai soson mai tauri ne, kaurinsa ya kai santimita 10, da riga mai hana fitsari shiga. Da ya lotsa a tsakiya, aikinsa ya ƙare.

Ko wacce kika saya, juyi yana nan: duk awa 2, dare da rana. A karkata Mama kaɗan da matashi a baya, kada ta hau kan ƙashin kwatangwalo. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta tashi sama. A ɗaga ta da zane mutum biyu, kada a ja ta, ja yana saɓule fata.

Kullum ki duba ƙasan baya, dunduniya, kafaɗu da ƙeya. A baƙar fata jan launi ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Kada ki murza shi, ki ɗauke masa nauyi. In fatar ta buɗe, tana ruwa ko wari, ko zazzaɓi ya zo, a kira ma'aikacin lafiya ranar.