Buhu biyu sun koma huɗu: yadda Chrome DevTools da git bisect suka fitar da ni kunya

Mu biyu ne muka rubuta wa wata ƙungiyar manoman rani manhaja a nan yankin Kadawa, ta Garun Malam, inda ake noman shinkafa da tumatir da ruwan Tiga. Aikinta ta rubuta wanda ya karɓi bashin taki da iri, da abin da ya biya bayan girbi. Tana aiki a waya ko babu sabis, in an samu sai ta tura wa sabar, wato babbar kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet. A ido ƙaramar aba ce, amma a ciki akwai ɓangaren waya, da na sabar, da ma'ajiyar bayanai, ga kuma ɗinkin da ke tsakaninsu, wanda shi ne ya kusa zubar min da mutunci.

Ranar da abin ya fashe ina zaune a ofishin ƙungiya, sai ga wani dattijo, sa'an mahaifina, hularsa a hannu. Ya ce, "Ɗan nan, buhu biyu na yuriya na ɗauka, sakatare ya ce wayarku ta rubuta huɗu. Ni ban taɓa cin haƙƙin kowa ba." Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, zan duba." Wallahi jikina ya yi sanyi. Da muka kwatanta da littafin sakatare, mutum 9 aka ninka wa bashi.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne, duk wata ina biyan wani kamfanin waje kuɗi da dala don ya riƙa kama min kurakurai. Kun san yadda biyan dala yake a yanzu. Na buɗe shafinsu da gudu, babu komai a kan wannan. Ashe tun kwana goma na farkon wata saƙonnin yankewar sabis suka cinye adadin da aka ware min, daga nan ya daina karɓar rahoto. Ko da ma yana karɓa, ba na jin zai gane, domin shi faɗuwar manhaja yake jira, ita kuwa tamu ba ta faɗi ba. Ta yi ƙarya ne cikin natsuwa.

Kwana biyu ina cusa console.log, umarnin da ke nuna min abin da manhaja take ciki, a ko'ina, a kwamfutata komai lafiya lau. Sai abokin aikina ya ce mu bar ɗaki, mu bi wayar sakatare zuwa inda ake rabon takin. A nan Chrome DevTools, kayan binciken shafi da ke cikin burauzar Chrome, ya ba ni mamaki. Ka shiga saitin wayar Android, ka taɓa lambar Build sau 7, ka kunna USB debugging, ka jona kebul, ka rubuta chrome://inspect a Chrome ɗin kwamfuta. Shi ke nan, duk abin da shafin manhajar yake yi a wayar kana ganinsa a gabanka. Kyauta, ba rajista.

Muka zauna a inuwar darbejiya kusa da kwatar ruwa, kwamfuta a cinya, sabis sanda ɗaya tana zuwa tana tafiya. Sakatare ya shigar da suna na gwaji ya danna. Ina kallon ɓangaren Network, saƙo ya fita, ya tsaya cak, bayan daƙiƙa 10 ya koma ja, an soke shi. Nan take wani ya fita da kaya iri ɗaya, ya samu amsa 200, wato an karɓa lafiya. Na duba sabar: layi biyu. Wato na farkon ya isa, an rubuta shi, amsar ce ta maƙale a hanyar dawowa, wayar ta zaci bai je ba ta sake turawa. Sai da na miƙe tsaye don murna, har sakatare ya ce, "Malam, lafiya?"

Sai dai ba zan ɓoye ba, kafin mu kai nan na sha wahalar da ta kusa sa in fasa. Kebul uku na gwada, dukkansu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai, kuma babu abin da zai gaya maka haka, sai dai ka ga wayar ta ƙi bayyana. Sai da na hau mashin zuwa Kura na samo na kirki. Batirin kwamfuta kuma ya mutu sau biyu, ga wuta ba a maganarta, sai wurin mai cajin sola. Duk wanda zai yi wannan aikin a gona ya tanadi kebul mai kyau tun daga gida.

Saura sanin yaushe cutar ta shigo, tunda a daminar bara ba a yi wannan kukan ba. Na sa sabar gwaji ta riƙa jinkirta amsa daƙiƙa 15 don matsalar ta riƙa fitowa duk lokacin da na so, sannan na kira git bisect. Na daɗe ina amfani da Git, ma'ajiyar tarihin gyare-gyaren manhaja, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, amma ban taɓa taɓa wannan umarnin ba. Za ka nuna masa komit (gyaran da aka adana) ɗin da ka san yana da lafiya da wanda ya lalace, shi kuma ya ajiye ka a tsakiya ya ce gwada. Ka ce good ko bad, ya sake raba saura biyu. Komit wajen 140 ne a tsakani, gwaji 7 kacal ya kai ni kan mai laifin: wani ɗan gyara da muka yi da kyakkyawar niyya, don waya ta sake turawa da kanta in sabis ya yanke. Sharaɗinsa dai kowane komit ya zama yana tashi. Biyu daga cikin namu sun ƙi, sai da na tsallake su da skip.

Maganin bai kai layi 20 ba. Yanzu waya ce ke ba kowane bashi lambar da babu irinta tun kafin ta tura, in sabar ta ga lambar a karo na biyu sai ta amsa cewa ta karɓa, amma ba ta sake rubutawa.

Wancan na dalar kuwa na soke shi, kuma har yau in na tuna wata nawa na yi ina biya sai raina ya ɓaci. Na rubuta musu wasiƙa, amsar da ta zo ita ce in ƙara kuɗi in hau babban tsari. Ban ce ba shi da amfani ga wanda ke birni da intanet mai ƙarfi ba, amma ba don irin sabis ɗinmu aka gina shi ba.

Mun gyara wa mutum taran nan lissafinsu a gaban shugaban ƙungiya. Baban nan ya sa aka karanta masa nasa sau biyu, ya ji buhu biyu, ya ce "Madalla," ya mayar da hularsa ya tafi ban ruwa.