Layin Koke na 622: Amfaninsa ga Mai Waya da Gazawarsa ga Al'umma

Lambar 622 layi ne na kyauta da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta ware domin karɓar koken masu amfani da wayar salula a Najeriya, kuma a ganina yana cikin 'yan ayyukan hukuma da talaka zai ci gajiyarsu ba tare da ya san wani babba ba. Sharaɗinsa shi ne mutum ya fara kai kuka ga kamfanin layinsa ta lambar 300, wadda ta zama ɗaya ga duk kamfanoni tun 2023, ya karɓi lambar shaidar ƙorafi, sa'annan idan aka yi biris da shi ya kira 622.

Na gwada layin lokacin da wani kamfani ya riƙa zaftare mini kuɗin kati a kan tsarin saƙonnin da ban taɓa nema ba. Ma'aikaciyar da ta ɗauka ta saurare ni cikin natsuwa, ta nemi lambar shaidar, ta ba ni wata daga ɓangarensu, kuma daga baya kamfanin da kansa ya kira ni ya mayar da kuɗin. Haka nan tura kalmar STOP zuwa 2442 ya rage mini saƙonnin talla matuƙa.

Sai dai layin an gina shi ne domin mutum ɗaya da matsalarsa ɗaya. Idan sabis ya ɗauke a gunduma guda na tsawon makonni, ko janaretan ƙarfen sabis ya hana maƙwabta barci, ko masu shimfiɗa wayar intanet suka haƙe titi suka tafi ba su cike ba, jama'a sakatariyar ƙaramar hukuma suke nufa, domin ita ce gwamnatin da suke gani da ido. Amma Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya bar sha'anin tarho a hannun Gwamnatin Tarayya, kuma kuɗin izinin haƙa hanya, wanda aka yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, gwamnoni ne suka yi maganarsa. Abin da kundin ya ambata wa ƙaramar hukuma a wannan fage shi ne karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, don haka shugabanta ba shi da sandar da zai ɗaga wa kamfani, kuma 622 ba ta ɗauke masa wannan nauyi ba.

Mai talabijin na tauraron ɗan'adam ma ya sani cewa kukansa ba na nan ba ne, domin lasisin tashoshi yana hannun Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, batun tsawwala farashi kuwa Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye ake kai wa.

Tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, ya dace ta buɗe ƙofar da kansila ko mai unguwa zai shigar da koke da sunan al'ummarsa, a ba shi lambar shaida da wa'adin amsa kamar yadda ake bai wa mai waya ɗaya.