Na buga Old Course na St Andrews, ga yadda na same shi

Jama'a masu tambayata ko kuɗin da ake kashewa a buga golf a filin Old Course ya cancanta, amsata ita ce eh ya cancanta, amma ku san abin da za ku saya. Wanda ya je yana zaton zai tarar da lambu kore shar da bishiyoyi irin na IBB Golf Club a Abuja zai dawo yana ƙorafi, don wurin nan fili ne fetal a bakin teku a gabashin Sikotlan, ƙasa mai yashi, ciyawa gajera, tudu da kwari kota'ina sai wasu ƙayoyi masu furen rawaya da in ƙwallonka ta shiga cikinsu to sai dai ka yi mata addu'a ka ciro wata. Babu abin da ke tare iska ko kaɗan. Iskar ma ita ce rabin abin da ka biya wa kuɗi.

Ni kallo na fara zuwa, gasar Alfred Dunhill Links da ake yi wajen farkon Oktoba a filaye uku, Old Course da Carnoustie da Kingsbarns, kwanakin farko shiga kyauta ne kuma kana iya tsayawa dab da 'yan wasa. A talabijin ba ka gane komai wallahi, sai ka ga ƙwararre ya buga ƙwallo ta kauce ka ce wannan ai ko ni. A fili kuwa ido na zubar da hawaye don sanyi, tutar rami ta lanƙwashe, ka ga mutum ya auna can gefe nesa da inda yake son zuwa ya bar iska ta dawo masa da ita. Abin da ya fi burge ni yadda suke danne ƙwallo ƙasa-ƙasa ta sauka tun kafin girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, ta gangara da kanta. Duk mai shakkar ƙarfin iskar nan ya tuna babbar gasar The Open ta 2010, Rory McIlroy ya yi bugu 63 ranar farko, washegari iska ta taso ya yi 80 (a golf mai ƙarancin bugu ne gwani), mutum ɗaya fili ɗaya. A 2015 kuma dakatar da wasa aka yi don ƙwallo na motsi da kanta a kan girin, sai ranar Litinin aka gama Zach Johnson ya ɗauki kofi.

Samun gurbi shi ne wahalar farko. Filin na jama'a ne ba kulob ɗin 'yan gata ba, kowa na iya bugawa in yana da shaidar handikaf, wato ma'aunin gwanintar ɗan wasa, da ba ta wuce 36 ba, sai dai masu nema sun yi yawa shi ya sa ake ƙuri'a, ku sa suna kwana 2 kafin ranar, aƙalla mutum biyu, in an dace an dace. Mu ni da wani abokina mun dace. Kuɗin a lokacin zafinsu ya haura fam 300, kar ma ka fara juya shi zuwa naira in kana son barci, ga kuɗin kadi, mai ɗaukar maka sanduna yana ba ka shawara, daban ga ɗan hasafin da ake ba shi a ƙarshe. Da ƙafa ake zagayawa.

Kadin nan kuwa kar wanda ya yi rowarsa. Akwai ramukan yashi 112 a filin kuma da yawansu ba ka ganinsu daga inda kake bugawa, wasu zurfinsu kamar rijiya, bango a miƙe, in ka faɗa ba maganar nisa kuma, fita kawai kake nema ko da baya ne. Kadina wani dattijo ne ɗan garin, magana kaɗan, ya nuna maka wani gini can nesa ya ce auna nan, kai kana ganin kamar zai ɓatar da kai, ka bi ka ga ashe ramuka ya zagaye da kai. Sai a nan na yarda abin da Tiger Woods ya yi a 2000 ba ƙaramin abu ba ne, kwana 4 yana bugawa bai shiga ramin yashi ko ɗaya ba, ya ci gasar da tazarar bugu 8.

Wani abin da ban ga ana faɗa ba, mu da muka koyi wasan nan a Arewa muna da ɗan riba a irin wannan fili. Wanda ya saba bugawa a Kano ko Kaduna da rani ƙasa ta bushe ƙarau hunturu na kaɗawa ya riga ya san ƙwallo na gudu bayan ta sauka, ya san ba dole sai an ɗaga ta sama ba. Waɗanda aka haɗa mu da su sun saba da fili mai laushi da ake ba ruwa kullum, sai cilla ta sama suke yi iska na kwashewa, ni kuwa fota, sandar mirgina ƙwallo zuwa rami, nake zarowa tun daga nesa da girin ina mirgina ta, kadina yana gyaɗa kai. Girin ɗin ma abin kallo ne, guda 7 ramuka biyu-biyu ke rabawa, faɗinsu ya isa ka tsaya a kai amma ramin naka yana can wata unguwa.

Rami na 17 da suke kira Road Hole ya kai yadda ake zuzuta shi. Bugun farko ta saman kusurwar wani otal za ka wuce ba ka ganin inda za ta sauka, a gaban girin ga ƙaramin rami mai zurfi, a baya ga titi da katanga kuma duk cikin wasa suke. Nan Tommy Nakajima ya yi bugu 9 a 1978 bayan ya kai girin lafiya lau. Na 18 kuma faɗi gare shi sosai, sai dai mutanen gari jingine da shinge suna kallonka, hannu na rawa, ga layin ɗaukar hoto a 'yar gadar dutsen nan ta Swilcan da ke cikin filin.

Abin da zan ce a shirya masa, masauki a garin tsada gare shi, gara ka sauka a Dundee ka shigo bas, ko jirgin ƙasa zuwa Leuchars. Laima ba ta da amfani a iskar nan, rigar ruwa da hular sanyi da safar hannu su ne kaya. Wanda aljihunsa bai kai ba ya je ranar Lahadi, ba a wasa ranar, filin a buɗe yake kowa ya taka kyauta har da masu yawo da karnuka, sannan akwai New Course da Jubilee a gefe masu sauƙin kuɗi kuma iskar ɗaya ce. The Open zai dawo nan a 2027, mai niyyar kallo ya fara neman masauki da wuri.