Kwas ɗin share fage na injiniyancin manhaja: yadda na gan shi

Duk wanda zai yi rijistar kwas ɗin nan da tunanin za a zaunar da shi a koya mai rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, daga farko, to gara ya sani tun yanzu ba haka abin yake ba. An ɗauka ka riga ka iya ɗan Python ko Java, wato harsunan rubuta kod. Abin da ake so a cusa maka shi ne yadda mutum biyar ko goma za su gina manhaja ɗaya ba tare da sun yi baram-baram ba, kuma wani ya zo bayan shekara biyu ya buɗe aikin ya gane me aka yi.

Makonnin farko tarihi ne, kuma gaskiya lakcaranmu ya iya jan zance. Ya faro daga taron da NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus a 1968, lokacin da manyan ayyukan manhaja suke ta wuce wa'adi suna cinye kuɗi, aka ce to a riƙa yin abin nan da ƙa'ida irin ta injiniyoyi. Sai ya kawo labarin rokar Ariane 5 ta Turawa da ta tarwatse a 1996 ko minti ɗaya ba ta yi da tashi ba, wai kawai an kwaso kod ɗin Ariane 4 an saka mata, aka zo tura wata babbar lamba mai bit 64 (bit shi ne ma'aunin gurbin ajiya a kwamfuta) cikin ƙaramin gurbi mai bit 16 ta ƙi shiga, shi ke nan. Tun daga ranar ba wanda ya sake ƙorafin me ya sa ake matsa mana da zancen gwaji.

Daga nan aka shiga tsarin aiki, tsohon na bi-da-bi wanda sai ka gama rubuta buƙatu kaf sannan zane sannan kod sannan gwaji, da kuma Ajayil wanda mutum 17 suka rattaba wa takardar ƙa'idojinsa hannu a jihar Yuta ta Amurka a 2001, inda ake yin aikin gutsi-gutsi ana nuna wa mai shi duk bayan sati biyu ko makamancin haka. Wannan ɓangaren ba laifi.

Inda na gaji shi ne UML, wato tsarin zana fasalin manhaja. Haba! Zane-zanen akwati da kibiya aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa, a tes kuma a zabge maka maki don kan kibiyarka cikakke ne alhali ana son mai rami. Na yarda zane yana taimakawa kafin a fara kod amma da an rage rabin lokacin an ba Git, manhajar da ke adana tarihin gyaran kod da haɗa aikin mutane da yawa, don shi lakca ɗaya tak aka yi mai, alhali shi ne abin da ya fi ba kowa wuya.

Aikin gurup kam shi ne naman kwas ɗin. Mu manhajar aron littattafai aka ba mu, lakcara ya zama shi ne kwastoma, muna tsakiyar aiki mun gama tsara komai a kan mutum littafi ɗaya zai ara sai ya shigo yana murmushi ya ce ya canza shawara, yanzu yana so a iya aron uku kuma a riƙa lissafin tara in an makara. Ranar har da masu riƙe kai. A nan muka ga amfanin ƙananan gwaje-gwajen da muka rubuta da ƙyar, kana taɓa wuri ɗaya sai su yi ja su nuna maka inda ka ɓallo. Ga kuma rikicin haɗa kod, mutum biyu sun gyara layi ɗaya Git ya ce bai san zancen ba ku sasanta kanku.

Abin da ya ɓata min rai rabon maki. Akwai wanda ya ɓace mana sai ranar gabatar da aiki ya bayyana da kwat, kuma maki ɗaya muka samu da shi, alhali tarihin GitHub, shafin intanet da muke tura kod ɗinmu, yana nan ƙarara ya nuna wanda ya tura me da kuma yaushe, dubawa kawai za a yi.

Ni dai huɗu cikin biyar zan ba shi. In za ka ɗauka, koyi Git a hutu kafin a fara, kuma in an bar ku ku zaɓi 'yan gurup, nemi masu ɗaga waya.